Hoton Baba Yana Barci

Kafin ta gama rufe ƙofar motar take fara karanto masa laifuffukan 'yan ajinsu.

"Baba, wai mutum ya ari bironka, ya tauna murfin, ya maido maka da yawu a jiki, kuma ya tsaya jiran godiya."

"Wannan ɗauri ya kamace shi, Mamana."

Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake kiranta haka. Shekararta goma sha biyar, kuma har yanzu duniya ba ta yi mata daidai ba. Akwai mai fasa cingam a bayan kunnenta. Akwai wadda ke turo saƙon murya mai tsawon huɗuba, sai ka kai ƙarshe ka tarar shafin da aka ce a karanta take tambaya. Akwai masu ɗaukar hoton duk abin da ya motsa, har da wanda bai motsa ba. Mafi muni a wurinta su ne masu toshe kunne da abin sauraren waƙa alhali kana yi musu magana.

"Kamar an ce maka kai ba kowa ba ne," in ji ta.

Shi kuwa wannan ƙorafi ne abincinsa. Aikin dare yake yi a maɗaba'a. Idan ya dawo da safe ta riga ta tafi, idan zai fita da yamma tana kan aikin gida. Tafiyar nan daga makaranta zuwa gida ita ce rabonsa da 'yarsa. Yakan zo da wuri ya kama inuwa kusa da ƙofar makarantar, ya kwantar da kujera, ya ce bari ya ɗan rufe ido. Matarsa ta sha gaya masa cewa da idonsa ya rufe bakinsa ke buɗewa. Ya ɗauki maganar sharri irin na daɗewar aure.

Wata rana ta shigo fuska a ɗaure.

"Na tsani sitika. Ka yi magana a guruf ɗin aji, ba mai ba ka amsa, sai a turo hoton wani."

"Ai raha ce."

Sai da suka kusa gida ta ce, "Baba, ka riƙa jira na a bayan gidan mai."

Ya dubi gilashin da ya tsage da ƙofar da sai an ɗaga take rufuwa, ya ga kamar ya fahimta.

"Motar nan ta girme ki. Ki ba ta girmanta."

Washegari ya koma inuwarsa.

Ba a daɗe ba aka kira shi makaranta: ta fizge wayar wani yaro ta wurgo ta daga bene. A ofishin mataimakin shugaba ya tarar da yaron da uwarsa a zaune, 'yarsa kuwa a tsaye jikin bango, hannu a baya.

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan ko kaza ba ta taɓa jifa ba. Me ya haɗa su?"

Mataimakin ya ɗauki wayarsa. Bai sha wahalar nema ba. Ya juyo masa da ita.

Shi ne. Kai a baya, baki a wangale, tawada a haɓa. A ƙasa an rubuta: "Ci gaba, ina jin ki." Aka bayyana masa cewa duk abin da ta rubuta a guruf, da wannan ake amsa mata. Idan ta ɗaga hannu a aji, sai layin baya gaba ɗaya su mayar da kai su buɗe baki.

Uwar yaron ta kai gefen mayafi bakinta. Mataimakin ya yi tarin da ba na mura ba. Shi kuwa tun yana saurayi ya koyi riga mutane yi wa kansa dariya, a kan sanƙo, a kan tumbi, a kan komai, don ya lura ta fi sauƙin haɗiya idan kai ka fara. Bakin ya yi abin da ya saba.

"Ashe har gurbin haƙorin da na cire ya fito. Yaro, ka iya aiki. Mu a maɗaba'a ba ma samun hoto tas haka."

Ofishin ya fashe da dariya, har da yaron.

"Kin gani?" in ji mataimakin yana share ido. "Mai hoton ma bai ɗauka da zafi ba."

Aka ce ta ba da haƙuri, ta bayar. Aka ce ta zauna gida mako guda, ubanta kuma ya saya wa yaron wata wayar. Bai yi musu ba.

A mota ta rufe ƙofar a hankali. Ya jira har suka wuce shataletale.

"Yau ba wanda ya tauna biro?"

"Babu."

"Mai cingam fa?"

"Kowa lafiya lau yake, Baba."

Danja ta tsayar da su. Tana kallon waje ta ce, "Tun farkon zangon nan nake faɗa da su a kanka. Ni kaɗai."

"Mamana, ai don a kashe maganar na yi."

"Da ka yi shiru ma."

Na baya ya danna masa oda, ya ja mota.

Ranar da ta koma makaranta, a bayan gidan mai ya tsaya, inda babu inuwa. Bai kwantar da kujera ba. Ya zauna tsaf, muƙamuƙi a datse, zufa na bin wuyansa, yana yaƙi da barci. Ya hango ta tafe ita kaɗai. Ta shigo, ta gaishe shi da ladabi kamar baƙo, ta tambayi aiki. Ya ce alhamdu lillahi, ya gyara murya zai tambaye ta labarin aji.

Ta ciro abin sauraren waƙa daga jaka, ta warware igiyar a natse, ta sa a kunne.