Zazzaɓin Kakar Riɗi

Duk shekara, da an fara yankan riɗi a yankinsu na Fashaga, sai Ummusalama ta ɗauko labarin Khartum. Sau ɗaya tak ta je, tun kafin yaƙi ya ɓarke a ƙasar, amma in tana bayarwa sai ka rantse can aka yanke mata cibiya.

Sikila ce ta ɗauke musu ɗansu na fari, Husain. Da ta sake samun ciki, mijinta Gado ya ce shi kam ba zai iya zaman zullumi ba. Ya ji akwai gwajin da ake zuƙo ruwan mahaifa da allura, a gane ko ɗan cikin ya ɗauko ciwon. Suka hau bas daga garin Gadarif zuwa Khartum.

Allurar ba ta yi zafin da ta zata ba. Da la'asar Gado ya kai ta bakin kogin Nilu, ya sayo soyayyen kifi, ya zauna yana cire mata ƙaya, mutumin da a gida ko buta sai an miƙo masa. Ta yi ta dariya har da hawaye. Ba ta taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Likita ya ja musu kunne, in zazzaɓi ya taso a garzaya asibiti. To amma riɗi in ya bushe zubewa yake yi, suna dawowa Gado ya wuce gona. Yana tafiya jikinta ya ɗau zafi.

"Malariya ce, 'yar nan," in ji surukarta Jummare. "Wa bai kwanta ba a unguwar nan bana? Sha magani, halas, shi ke nan."

Ita ma haka ta ɗauka, wa zai ga laifinsu? Sai da mara ta murɗa, ruwa ya ɓalle, sannan aka kwashe ta zuwa asibiti. Ashe ƙwayoyin cuta ne suka bi hanyar allurar suka shiga mahaifa. Ita ta sha da ƙyar, cikin bai tsaya ba. 'Ya mace ce ta rasa.

Tana jinya a gida waya ta yi ƙara. Ma'aikaciyar asibitin Khartum ce da sakamakon gwajin, ba ta san abin da ya faru ba.

"Mabruk, ya madam, barka! Ba sikila, lafiya lau take."

"Na gode," in ji Ummusalama, ta kife wayar.

Har yau in tana ba da labarin, ba ta kawowa nan. A bakin Nilu take tsayawa, ta ce, "Ranar mu uku muka ci kifi."