Tsarabar Mansura Ta Shiga Gida Tara

Wata bakwai Mansura ta yi tana renon dutse guda a labo, ɗakin gwaje-gwaje na jami'a a Yamai. Kiristal ne da ta tsirar daga ruwan wani sinadari mai suna ure a cikin kwalba, ba a girgiza shi, ba a ko yin tari kusa da shi, har ya kai girman dabino, garau kamar ƙanƙara. Ran Litinin za a harba masa hasken lazer a gaban malamanta. In ya yi abin da ta rubuta, ta gama digiri. In bai yi ba, sai baɗi.

Mai hankali zai bar shi a labo. Amma Mansura mai ilimi ce, don haka zumuɗi ya sa ta naɗe shi a auduga, ta hau mota ran Alhamis zuwa Azarori, iyayenta su ga abin da ya hana ta zuwa sallah biyu.

"To, mi shika yi?" in ji uwarta, Inna Lalla.

"Inna, in anka haska mishi hasken da ido ba ya gani, sai shi maishe shi kore. Amma sai yana ɗungurungum. Garinai kowa na da shi."

Inna ta ce madalla. Ta leƙa jakar, ta sake leƙawa: babu sabulu, babu turare, ko alawar yara babu. Ga mata sun fara sallama, gida-gida, a zo a ga ɗiyar Lalla ta Yamai. A Azarori kuwa ba a dawowa daga tafiya a sallami masu barka da zuwa da surutu.

Washegari Mansura ta tafi gaida kakarta. Kafin ta dawo Inna ta fitar da gidan kunya: ta jefa dutsen a turmi. Dakan bai ko ɗauki lokaci ba, abin ba shi da taurin kanwa. Ƙulli tara ta yi, daidai wa daida, don Inna ba ta zalunci.

Mansura ta tarar da audugar a ninke tsaf. Ta zauna a ƙasa, kukan ma ya ƙi zuwa.

"Ke da kinka iya yin shi, mi na tashin hankali?" in ji Inna. "Su da ba su iya ba hwa?"

Kafin azahar sakamakon bincike ya fara iso. Sauda ta maƙwabta ta jefa nata a miya, ta aiko a ce gishirin Yamai ɗaci gare shi. Wata ta haɗa da kwalli.

Mahaifinta, Malam Alhusaini, ya shigo daga garkar albasa. Ya lakaci abin da ya rage a turmi, ya ɗanɗana, ya tofar.

"Wanga ai takin ure na! Shi kinka yi shekara biyar kina karatu?"

"Shi ne, Baba."

Tausayin ɗiyarsa ya kama shi sosai. Ya shiga ɗaki ya jawo rabin buhun da ya tanada don albasarsa, ya dire a gabanta.

"Ɗauki duka, albasa ta yi haƙuri. Zuwa Litinin ai kin yi musu goma."