Da Yana Ɗinki

Baƙon ya durƙusa a gaban keken ɗinkin, ya juya wilin da tafin hannu, ya kasa kunne kamar likita a ƙirjin maras lafiya. Baba Tela yana zaune a bakin gado, hannunsa na dama kwance a cinya, inda yake wuni tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi bara. Babban ɗansa, wanda gida ke kira Akawu tun da ya samu aikin ofis, cewa kawai ya yi wani zai zo duba keken. Baba ya ɗauka mai gyara ne. Har daɗi ya ji, domin bel ɗin ya daɗe da saki.

Mutumin ba ya jin Hausa, Turanci suke yi da Akawu. Shi kuwa Baba Turancinsa na tsintuwa ne, abin da ya kwasa a bakin masu kawo ɗinki: sunayen launi, lambobin awo, da yadda ake cewa a dawo gobe. Baƙon ya yi wata tambaya yana nuna Baba da haɓa. Akawu ya dafa keken ya ce, "My father used to sew."

Baba ya gane uba, ya gane ɗinki. Kalmar tsakiyar ma, used, ya san ta, amfani ke nan, a jikin gwangwanin man keke ya koye ta. Ya harhaɗa su a ransa: ubana yana amfani da shi wajen ɗinki. Sai ya gyara zama, ya ce "Yes, yes" da ƙarfi, don baƙo ya san ba kurma ne a ɗakin ba.

Daidai lokacin Malama ta shigo da ruwa. Ita ce autarsa, Turanci take koyarwa a makarantar firamare, kuma fuskar marigayiya uwarta ta ɗauko, irin wadda ba ta iya ɓoye komai. Ta ajiye kofin ba ta dubi kowa ba. Da mazan suka fita waje, Baba ya tsare ta da tambaya. Ta ce ai Yaya yabonsa ya yi. Ya ce ba ra'ayinta ya nema ba, ta fassara masa yadda take yi wa 'yan ajinta.

Ta zauna a kan akwatin zare ta yi bayani a hankali. Kalmomin nan biyu, used to, in an sa su a gaban aiki, ba amfani suke nufi ba. Suna nufin abu ne da aka saba yi a da, yanzu an bari. Haka ake faɗa wa wanda ya daina shan taba, ko gidan da aka taɓa zama aka tashi.

"Da mamaci fa?"

"Har da shi, Baba."

"To ni me na ce wa yes?"

"Cewa da kana ɗinki." Ta sunkuyar da kai. "Mota suka je nema. Sayen keken ya zo yi."

Baba ya dubi keken. Da ƙarya yaron ya yi, da abin ya zo da sauƙi, sai ya ɗaga murya a wuce wurin. Amma tun da ya kwanta ciwo bai taka keken nan ba, ko allura bai riƙe ba. Kuma ya san dalilin Akawu ba na mugunta ba ne. Matarsa ta kusa haihuwa, gidan haya ne mai ɗaki biyu, manyan yaran biyu za a dawo da su wajen kakansu, katifarsu kuwa ba ta da wuri sai nan inda keken yake tsaye. Duk gaskiya ne. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne an rufe shi da gaskiyar a gabansa, cikin harshen da ba ya ji, shi kuma ya taya da murmushi.

Ya tambaye ta yadda ake faɗa in an cire kalmomin nan biyu. Ta ce, "I sew." Ya maimaita, ya ji abin gajere ne, ba nauyi a baki. Ya tambaya ko ƙarya ne mutum ya faɗi haka alhali yana zaune a gado. Ta ce a'a, wannan na abin da mutum yake yi ne a rayuwarsa, mai gadi ko yana barci da rana ana cewa yana gadi. Sai dai fa, ta ƙara a hankali, sai in da dare yana fita.

"Saka min zare," in ji Baba.

Ta buɗe baki, ya dube ta, ta rufe. Ta lashi bakin zaren ta zura. Shi kuma ya dafa bango ya ja ƙafa har kan kujerar, ya yaye tsohon yadin da ake rufe keken da shi, ya kalmasa bakinsa da hannun hagu. Na daman ya ɗauko shi ya ɗora a kan yadin, ko ba komai ya danne.

A haka Akawu da baƙon suka dawo suka same shi. Keken yana tafiya yana tuntuɓe, bel yana zamewa, ƙafar hagu ita kaɗai ke aikin biyu. Layin ɗinkin ya tashi daidai, ya karkata, ya dawo, ya sake ɓacewa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Akawu ya matso ya rage murya. "Baba, don girman Allah. Wa zai kawo maka ɗinki a haka?"

"Ba ka gaya wa mutumin nan ɗinkina ya karkace ba," Baba ya ce, bai ɗago ba. "Da haka ka faɗa, da ban yi musu ba. Cewa ka yi na daina."

Akawu ya kawo zancen yara, ya kawo zancen katifa. Baba ya ce yara suna da gaskiya, a kwance gadonsa a fitar, wurin ya ishi katifarsu har da ragowa, shi tabarma ta wadatar. Akawu ya tuna masa likita ya hana shi kwanan ƙasa, kuma me mutane za su ce, ɗa yana kan gado uba yana kan siminti. Baba ya ce mutanen su zo su same shi, yana nan a gaban keke. Sannan ya juya wajen Malama.

"Gaya wa baƙo, keken nan used to na sayarwa ne."

Ta ciji leɓe, ta fassara. Baƙon ya dubi uban, ya dubi ɗan, ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya kai bakin ƙofa sai ya dawo, ya zaro filaya daga aljihu, ya cire bel ɗin, ya rage tsawonsa, ya mayar. Ya juya wilin sau ɗaya, ya gyaɗa kai, ya fita sallamar direba.

Akawu ya daɗe a tsaye. Daga baya ya fice, aka ji shi a ƙofar maƙwabci yana tambayar aron sufana ta kwance gado.

Baba ya ɗaga yadin wajen hasken taga ya bi layin da ido. Da, in yaron shagonsa ya kawo masa irin wannan, a fuska yakan jefa masa. Da. Ya ji kalmar a cikin kansa, da harshensa, ba wanda ya fassara masa. Ya jawo aljihun keken ya lalubo reza, ya danne yadin da gwiwar hannu, ya fara farkewa tun daga inda ya soma.

"Kar ki tafi," ya ce wa Malama. "Zaren zai fita."