Na kai baƙo har ƙofar Derek

Shekara tara ina sayar da tsofaffin faya-fayan waƙa a bakin titin 125 a Harlem. A bazarar 2014 na yi ganganci, kuma tarbiyyar gida ce ta ja ni.

Akwai wani tsohon Bature ɗan Ingila, Derek, da kullum bayan azahar yake zama a kujerar gefen teburina. Shi ya ba ni tarihin ƙungiyarsu. Samari huɗu ne daga garin Hull, suna kiɗan rawa irin na 1964, shi ne mai ganga. Wata goma sha huɗu suka yi, faifai biyu. Wata safiya motarsu ta faɗa kogi, Derek ke tuƙi da giya a kansa. Uku suka fito, mawaƙinsu Colin bai fito ba. Derek ya tsallako Amurka kafin a zauna kotu, bai sake komawa ba.

Ran wata Talata bai zo ba. Sai ga wani dattijo da sanda da jaka, ya miƙo min kwalin faifan su Derek.

"Ka san Derek, mai gangarsu? Ɗan garinmu ne. Na daɗe ina nemansa."

Mu a Maradi, baƙo ya tambayi gidan mutum, ba a nuna masa da yatsa. Kai shi ake yi. Na bar wa Harouna mai turare teburin, na karɓi jakar baƙon. Nauyinta ya fi girmanta. Har gidan Derek, hawa na uku, na raka shi, ni na ƙwanƙwasa, Derek ya ji muryata ya buɗe. Da ya ga mutumin, leɓensa ya yi fari.

"Na gode," baƙon ya ce da ni, ya rufe ƙofa a hankali.

Na dawo na tarar Harouna yana juya kwalin.

"Baba Abdoulaye, kai da ka ga duniya, idonka fa? Dubi fuskar mawaƙin nan. Ba hancin baƙonka ba ne?"

Hancin ne, har haɓar: baƙon jinin Colin ne. Fuskar Derek kuma an kankare ta da wuƙa.

Na koma da gudun da gwiwa ta yarda. Ta bayan ƙofa faifansu ke tashi da ƙarfi, muryar Colin ta cika benen. Na buga, na kira sunan Derek. Waƙar ta ƙare, na ji an ɗaga allurar garmaho an mayar da ita farko.

Kujerar tana nan gefen teburina, Derek bai sake zuwa ba. Harouna ma ba ya zama a kai.