Rigar da Kishwar Ta Ɗinka wa Na'ura

Kishwar ta hau kan kujera, allura a bakinta, ta zura wa na'urar riga. Ta ja nan, ta gyara can, ta ɗaure zaren a ƙasa, sannan ta sauko ta ja da baya tana kallo kamar wadda ta gama shirya amarya. Farin yadi ne da ta yi wa surfani da jajayen furanni, ta ciki kuma ta shimfiɗa leda mai kauri. A gaba ta bar 'yar taga mai haske, daidai inda lamba take fitowa.

Mu dai a Lahore ba ma barin abu mai tsada tsirara. Talabijin da rigarsa, firji da mayafinsa, rimot ma a cikin leda yake tsufa. Kishwar kuwa, maƙwabciyata da katanga ɗaya ta raba mu, ko butar shayi ba ta bari haka nan. Ta daɗe tana shara a makarantar kuɗi ta bakin titinmu. Da ta ga an kafa sabon abu fari fes a zauren da azuzuwa suka kewaye, ga shi har ya fara dafewa, sai tausayinsa ya kama ta.

Na'urar auna iska ce. Bhatti Sahib, wato Maigida Bhatti, mai makarantar, shi ya sayo ta, ya tara iyaye ya yi musu alkawari. Kowa zai riƙa ganin lambar a wayarsa. In ta nuna kore, a turo yara. In ta yi ja, masu ciwon ƙirji su zauna a gida, in kuma jan ya daɗe zai sa injin tace iska a kowane aji. Aka tafa masa. Sai sanyi ya shigo, manoma suka cinna wa karan shinkafa wuta, hayaƙin ya haɗu da na masu gasa bulo da na motoci, ya zauna daram a kan gari. Na'ura ta yi ja ta ƙi sauka. Bhatti Sahib ya koma shiga ofis ta ƙofar baya.

Ranar da aka sa rigar, kafin azahar ja ya koma rawaya, kafin a tashi rawaya ya koma kore. Bhatti Sahib ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ta ƙarƙashin yadin, ledar ta yi ƙara.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Sahib. In bai yi ba in cire."

"A'a, Khala Kishwar, hannunki akwai albarka. Bar shi haka. Kada ki bari yara su taɓa." Khala, wato inna, haka kowa yake kiranta.

Da yamma ta leƙo ta kan katanga tana dariya. "Ke, ashe sanyi abin yake ji. Ina sa masa riga ya huce."

* * *

Jikarta Nimra shekararta bakwai, kuma da asma aka yaye ta. Tun da na'ura ta yi ja take zaune a gida. Kullum da safe uwarta Shagufta, matar ɗan Kishwar, ba ta ɗora tanda sai ta duba waya.

"Ammi, yau ma kore ne," ta ce wa Kishwar, wadda take kira Ammi, wato mama.

"To me kike jira? Sa mata takalmi."

"Ki dai leƙa waje ki gani. Ko hasumiyar masallaci ba a hangowa."

"Waje daban, ciki daban. Can ƙofofin gilashi ne. Nan fa? Ke da man suyarki kin ishe mu da hayaƙi."

Nimra ta ɗago daga kofin shayinta ta dubi kakarta. "Dadi, ajinmu ma wari yake, kamar an ƙona taya."

"Hancinki ne, sarkin wayo. Ba ki yi aikin gida ba, ko?"

Yarinya ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Kishwar ta bubbuga mata baya, ta kama hannunta suka fita. Haka aka yi ta yi. Tarin ya ƙaru, ƙirjin ya fara fito in ta hau bene, amma waya ta ce kore, kuma ba wanda yake so yarinya ta rasa jarrabawa. Ran nan ana cikin darasi malama ta ga Nimra ta kifa kai a kan tebur, leɓɓanta sun yi duhu. Ubanta ya bar fasinja a hanya ya zo ya ɗauke ta a adaidaitarsa.

* * *

A asibiti aka rufe mata hanci da baki da abin shaƙa, tururin magani yana fita ta gefe. Likitar mace ce, ta san su, ba ta kuma ɓoye fushinta ba.

"Ban ce muku in iska ta ɓaci ku bar ta a gida ba?"

Shagufta ta miƙa wayar. "Wallahi, likita, ban taɓa tura ta ba sai na ga kore."

Likita ta dubi wayar, ta dubi tata na'urar da ke bango, wadda ta yi ja wur. Ta ja allon wayar da yatsa zuwa kwanakin baya, wani siririn layi ya fito.

"Matso ki gani. Nan da farko, yana hawa da safe lokacin da motoci ke sauke yara, ya ɗan sauka da rana, ya sake hawa in an yi shara. Haka iska take, ba ta zama wuri ɗaya. Yanzu dubi daga nan." Layin ya faɗi ƙasa ya miƙe sambal kamar zaren da aka ja. "Kada ki tsaya a kan kala kawai. In lamba ta daina motsi, ko dai na'urar ta lalace, ko an toshe mata hanci. Ta wasu 'yan ramuka na gefe take shaƙar iska."

Kishwar ta san ramukan. Nan ƙura ta fi taruwa, shi ya sa a wajen ta ninka ledar biyu.

"Wace rana ya miƙe, 'yata?" ta tambaya.

"Litinin ta farkon watan jiya."

Kishwar ba ta iya karatu ba, amma ta san a wace Lahadi ta gama furen ƙarshe. Ta zauna a bakin gado.

"Ni na toshe," ta ce. "Riga na ɗinka mata."

Shagufta ta dubi uwar mijinta. Sai ta juya ta gyara wa Nimra igiyar abin shaƙa.

* * *

Washegari Kishwar ta riga kowa zuwa. Ta hau kujerar nan, ta kwance zaren, ta zare rigar. Lamba ta yi ta hawa tana kallo. Kafin a buga ƙararrawa wayar ofis ta fara kuka, iyaye suna tambaya.

Bhatti Sahib ya aika a kira ta. Ofishinsa shiru, sai gurnanin injin tace iska guda ɗaya da ke kusa da kujerarsa. Tana shiga ta ji ƙirjinta ya buɗe.

"Khala, wa ya ce ki cire?"

"Jikata tana asibiti, Sahib."

"Allah ya ba ta lafiya. To hayaƙin ni na hura shi? Duk gari ne."

"Ni da na sa, ban sani ba. Kai da ka taɓa ledar fa?"

Ya cire tabarau ya goge. "Ki mayar, a bar maganar a nan. Nimra albarkacinki take karatu kyauta. In kuma zancen ya fita, wa za a ce ya rufe na'ura? Duk unguwar nan an san surfanin hannunki."

Kishwar ta ninke rigar ta tura a cikin mayafinta. "Ba zan mayar ba, Sahib."

Bai ɗaga murya ba. Da rana mai gyaran wuta ya zo ya cire na'urar daga zaure, ya kafa ta a ofis, gefen injin. Kore ya dawo, layin ma har yana ɗan motsi in an buɗe ƙofa. Ƙarshen wata aka ce wa Kishwar shekaru sun ja, ta je ta huta.

Ta bi gida gida ta faɗa wa iyayen yara gaskiya, ni na raka ta. Wata ta ce, "Ai ke kika rufe, Khala. Sai da aka sallame ki kika samu baki?" Wata ta ba mu shayi, ta saurara har ƙarshe, sannan ta nuna mana koren da ke wayarta.

Nimra ta warware, ta koma wata makaranta a bayan kasuwa, inda ba na'ura ba alkawari. Kishwar ta farke ledar daga rigar, ta wanke yadin har sai da ruwan ya daina fita baƙi, ta yanke shi, ta ɗinka masa igiya biyu. Kullum da safe ina hango su ta kan katanga tana ɗaura wa yarinyar shi a fuska. Jajayen furannin suna lotsawa, suna kumbura. A bakin titi yaran tsohuwar makarantar suna wucewa da jakunkuna, kaɗan su yi gaba hayaƙi ya haɗiye su. A kan taga wayar Shagufta ta yi 'yar ƙara, ta haska kore.