Kasarun Malam Idrissa

Shekara goma sha ɗaya Malam Idrissa yana zaune a hawa na biyar a Highbridge, wata unguwa ta Bronx a New York, amma bai taɓa cika sallar azahar raka'a huɗu ba. Biyu yake yi ya sallame, kasaru irin ta matafiyi. Malaman Bronx sun yi masa magana har sun gaji. Shi dai amsarsa ɗaya ce, tun ranar da gwamnati ta haramta jam'iyyarsa ta kore shi daga ƙasa, bai taɓa niyyar kwana huɗu a nan ba. Kullum gobe zai tafi.

Can gida kuwa magoya bayan Jam'iyyar Tafarki sun mai da abin tuta. Malam ba shi da kujera a jam'iyyar, bai taɓa tsayawa takara ba, amma ko kansila ba a tsayarwa sai ya sa albarka. Duk wanda ya dawo daga New York, kafin a tambaye shi lafiyar tsohon sai an tambaye shi, "Har yanzu biyu yake yi?"

Matarsa Habsatou ita ma biyu take yi a bayansa. Ita ba ruwanta da tuta. Uwarta na can Maradi, ta haura tamanin, idonta ya tafi, kuma kowace Juma'a sai ta sa a ɗauki muryarta a waya: "Habsu, yaushe?" Habsatou na son mijinta, ita ke yi masa allurar ciwon suga safe da yamma, amma wannan tambayar ta hana ta jin daɗin komai.

Ranar Talatar nan Nasser ya iso, sakataren jam'iyya, ɗalibin Malam tun yana sa gajeren wando, yanzu ya yi tumbi har hawa biyar ya nemi kashe shi. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya fito da takarda. Habsatou ta ajiye masa shayi ta koma bakin kicin, inda ake jin komai.

"To, Malam, an sasanta," in ji Nasser. "Jam'iyya za ta shiga gwamnati, ministoci biyu. Kai kuma ka koma gida cikin girma. Abu guda suka roƙa, in ka sauka ka tsaya da shugaban ƙasa gaban talabijin ka yi addu'a."

"Yaran nan fa da ke kurkuku?"

"Ana dubawa."

"Su nawa suka rage?"

Nasser ya sunkuyar da kai. "Talatin da ɗaya. Biyu sun rasu bara."

Malam ya miƙa hannu ya karɓa. Ya riƙe takardar nesa da fuskarsa, ya karanta, ya sake karantawa. Habsatou ta san shirun nan, shekara arba'in tana fama da shi, amma yau ta kasa gane inda ya dosa. Ta ajiye cokalin da ke hannunta.

Nasser ya waiwayo ya neme ta, don ya san inda ƙofar Malam take da taushi. "Inna, ki sa baki. Ke taki takardar ta komawa gida ba sharaɗi, ko gobe kina iya shiga jirgi. Amma kin san dokar mafaka ta ƙasar nan, wanda ya koma gida ba ya dawowa. Gara ku tafi tare."

Ba ta taɓa sa baki a maganar jam'iyya ba. Yau ta matso ta zauna a gefen tabarma.

"Malam, ban san siyasa ba. Na dai san tsohuwata ba za ta kai wata damina ba. Addu'a ce suka ce. Ai ka sha yi wa wanda bai kai shugaban ƙasa ba ma."

Ya dube ta ya daɗe, kallon da ya fi faɗa ciwo. Sannan ya dubi agogon bango.

"Azahar ta yi. A yi salla."

Haushi ya kama ta, wallahi. Mutum ana masa maganar rai yana duban agogo! Amma ta yi alwala ta tsaya a bayansu, Malam a gaba, Nasser a damansa. Ƙarar jirgin ƙasa na shigowa ta taga. Raka'ar farko ta wuce ba ta san me ta karanta ba. Ta yi ta gaya wa kanta ai yanzu zai sallame, ya juyo, ya ce wa Nasser ya kawo alƙalami. Mutumin da ya ce kullum gobe zai tafi, ga goben ta zo har ɗakinsa.

Suka zauna tahiya. Malam ya ja ta fiye da yadda ya saba. Habsatou na kallon ƙeyarsa, tana jiran kansa ya karkata dama.

Sai ya dafa ƙasa da hannu biyu. Gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Allahu akbar."

Ya miƙe raka'a ta uku. Nasser ya yi wani sauti a maƙogwaro, ya ɗan tsaya, sannan ya tashi ya bi shi, don ba yadda zai yi. Ba wanda ke ɗakin da bai gane ba. Malam ya zama mazaunin Bronx, a nan za a binne shi.

Habsatou ba ta tashi ba, ita har yanzu matafiyiya ce. Hawaye na zuba a kan mayafinta, tana tunanin wa zai riƙa yi masa allura, wa zai san yadda yake son kununsa. Tausayinsa ya cika ta fiye da kowace rana tun aurensu. Ta juya kanta dama, ta ɗaga murya daidai yadda zai ji.

"Assalamu alaikum."

A gabanta kafaɗun Malam suka girgiza, amma ya ci gaba da karatunsa.