Kwallin Idon Zulfa

Tun ranar da farar motar kamfanin ta tsaya a ƙofar gidanmu a unguwar Shamaki na ce akwai lauje cikin naɗi. Kamfanin ƙetare ne, masu haƙar dalma da tutiya, kuma mijina Fannami direbansu ne, yana kwaso dutsen daga daji zuwa ma'ajiyarsu a bakin gari. Bai taɓa samun ko sannu daga wajensu ba. To yau kuma me ya kawo su?

Wata nas ce ta fito, sunanta Dokas, da rigar kamfani a jikinta. Wai za a gwada jinin 'ya'yan direbobi kyauta. Kyauta! Banza ba ta kai zomo kasuwa. Da na kore ta, sai dai 'yata Zulfa, da ke dab da shekara biyu, ta daina cin abinci, kullum kukan ciki, har 'yan kalmomin da ta fara faɗa sun ɓace. Dole na miƙa hannun yarinyar.

Da sakamako ya fito, Dokas ta dawo ta ce gubar dalma ce a jininta. Ta ɗaga haɓar Zulfa ta daɗe tana kallon idonta.

"Maman Zulfa, wannan kwallin a ina kuke saya?"

Ba saya muke yi ba. Fannami ne ke tsinto duwatsu masu ƙyalli a bayan motarsa ya kawo wa mahaifiyarsa, Iya Yakura, ita kuma ta daka ta cika tandu, kamar yadda ta saba tun suna Borno. Dokar kamfani kuwa, wanda ya ɗauki ko tsakuwa ɗaya, kora ce.

Na ce, "Tsohuwar kasuwa."

"Ba kamfani ke tambaya ba, ni ce. Bari in shiga in duba gidan."

Na tare ƙofa. A raina na ce, ke ce ke tambaya, da rigar wa a jikinki? A fili na ce mata mai gidan ba ya nan.

Da na faɗa wa Iya, sai ta hau sama. "Kwallin da na sa wa ubanta tun ranar suna? Idon wa ya makance? Ƙurar motarsu ta kama yarinya, yanzu suna neman tsohuwar da za su ɗora wa." Wallahi maganarta ta shige ni. Fannami kuwa cewa ya yi in kama bakina, idan aka kore shi ƙasa za mu ci? Duk da haka na ɗauke tandun na jefa a masai, na ce ƙura ta lafa.

Aka kwantar da Zulfa a asibiti, aka ba ta magani, ta ɗan farfaɗo. Muka dawo gida. Ba kwalli, ba komai. Ba a jima ba ciwon ya dawo, har da jijjiga, idonta yana juyewa a hannuna. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Dokas ta zo da safe da sakamakon sabon gwaji, Fannami yana shirin fita. Wannan karon ba ta yi murmushi ba.

"Gubar ta sake hawa. Akwai inda take shiga cikin yarinyar nan kullum, kuma a gidan nan yake. Magani ba zai yi aiki ba muddin tana sha. In kun hana ni shiga, ku sani ita za ta biya."

Fannami ya harare ni. Na kauce daga ƙofa.

Ta duba randa, ta duba kayan aikinsa da ke rataye. Ina biye da ita, ina lura ko za ta ɗauki hoto ta kai wa iyayen gidanta. Sai ta tsaya kan Iya, wadda ke zaune a tabarma tana daka citta da kanumfari na kunun Zulfa a ƙaramin turminta. Dokas ta durƙusa ta gaishe ta, ta sa yatsa ta shafo gindin turmin. Yatsan ya fito yana ƙyalli.

Innalillahi! Turmin da Iya ke daka kwalli ke nan. Ni da hannuna nake ba yarinyar kunun nan safe da yamma.

Dokas ta ce, "Kwallin kasuwa dakakke ake sayo shi. Me aka daka a nan? Likita zai tambaye ni."

Fannami ya ce, "Hamida." Sunana kawai ya kira, amma na gane abin da yake roƙo. Har lokacin ban yarda da matar nan ba, ban san inda maganar za ta kwana ba. Zulfa tana bayana, jikinta zafi rau, kanta ya langaɓe a kafaɗata.

Na ce, "Dutsen kamfani ne. Daga motar Fannami yake."

Iya ta saki taɓarya. Fannami ya zauna a bakin rijiya, makullin mota a hannunsa, ya ce, "Kin kashe mu."

Na gyara goyona na ce, "Aiki ake sakewa, Baban Zulfa. Ita fa?"